Ɗanyaro Mai Girgiza Daɓe

Sunansa na yanka Abdourahamane, amma idan ka shiga gidan abincin Hajiya Husainatu a unguwar Goutte d'Or ka ce kana neman Abdourahamane, sai a dube ka a ce ka gwada shagon gaba. Ɗanyaro ake ce masa. Ƙato ne, sai ya karkata kafaɗa kafin ƙofar madafa ta karɓe shi, ga gashi ya tara har gadon baya, amma Ɗanyaro ne, kuma ko furfura ta cika masa kai sunan ba zai sake shi ba. Kakarsa ce ta laƙa masa shi a Damagaram don a samu abin kiransa a gida, tunda mahaifiyarsa, Hajiya Husainatu, ba ta faɗin sunansa. Shi ne ɗanta na fari.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan. Mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in kuma wani ya yabe shi a gabanta sai ta kau da kai, ko ta nemo masa aibi nan take. Matan yanzu da yawa sun ajiye wannan al'ada. Hajiya Husainatu kuwa ɗauko ta ta yi ta kawo Paris tare da turminta da tukwanenta. Turmin ya tsage tuni, an sake wani. Kunyar tana nan yadda ta zo.

Ni maƙwabcinsu ne, kuma tun da matata ta rasu a teburin da ke kusa da madafa nake cin abincin rana. Daga wannan tebur na ga yawancin abin da zan faɗa, sauran kuwa shi ya ba ni da bakinsa.

Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, kamar yadda ake yi. Iyayen suka taho Faransa, uban ya kama tuƙin taksi, aka haifi ƙanwarsa Raliatou a nan. Shi kuwa ya girma a unguwar Birni ta Damagaram yana hawan duwatsu, sai da kakar ta rasu aka ɗauko shi, yana ɗan shekara goma sha uku. Gidan da suke haya a lokacin ɗaki ne da falo, dab da gadar ƙarfen da jirgin metro ke bi ta sama. Ba wurin ƙara gado, sai aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a falo. Bai san kowa ba, bai gane Faransancin yaran unguwa, sanyi kuma yana cin sa. Abu ɗaya ne ya yi masa maraba, shi ne jirgin nan. Kafin kunne ya ji shi daɓe ya riga ya ji, sai ya taso ta katifa ya shiga haƙarƙari, ya ɗan zauna a ƙirji, ya wuce. Ya ce mini kamar wata babbar dabba ce take zuwa ta duba lafiyarsa ta koma.

A makarantar koyon sana'a wani abokinsa ya ɗora masa abin sauraro a kunne ya ce ya ji wannan. Kiɗan da ake kira metal ne, wato ƙarfe. Wanda bai taɓa jin sa ba ya ɗauka an tara maƙeran gari kaf an zuba su cikin rijiya, an ce su yi aiki su kuma yi faɗa lokaci guda, sannan wani ya leƙa bakin rijiyar yana yi musu kururuwa. Yawancin mutane kururuwar suke fara ji. Ɗanyaro bai kula ta ba. Can ƙasa, ƙarƙashin hayaniyar, ya ji jirginsa yana wucewa. Ya tambaya mene ne wannan, aka ce masa jitar bas ce: doguwar jita mai tsarkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta da zaƙin murya, ba a kuma cika lura da mai kaɗa ta ba, amma in ta yi shiru sai kiɗan ya zama kamar ɗaki ba daɓe.

Ya yi hutu guda yana sauke kwalayen kayan miya a kasuwa, ya sayi wata tsohuwar bas. Ba shi da ampili, akwatin da ke ƙara wa jita murya, sai ya gano cewa in ya jingina kan jitar da kabad ɗin katako da ke falo, kabad ɗin gaba ɗaya amsawa yake yi. Uban ya yi ɗan faɗa, ya ce in dai ana salla ana karatu to shi ba ruwansa, kuma bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Uwar kuwa tana ɗaki ta ce wa Raliatou, da muryar da za ta isa falo: "Ki gaya wa mutanen falo kabad na tufafi ne." Iyakar abin da ta faɗa game da kiɗansa ke nan har shekaru suka tura.

A 2003 ya tafi Villeurbanne, gefen Lyon, karatun lantarki. Can ya ji ana neman mai bas. Ya hau jirgin tiram, ya sauka wani ɗakin ƙasa mai warin danshi, ya tarar da mutum uku. Akwai Alain mai ganguna, siriri kamar sandar makiyayi. Akwai Jacques mai jita, wanda ba ya magana sai ta kama dole. Sai Sandrine mai waƙa, ƴar ƙaramar mace mai koyon aikin jinya, wadda in ta buɗe baki a kan dandamali za ka rantse zaki ne ya kwana da mura. Ɗanyaro ya gaishe su, ya cire takalmi ya ajiye a bakin ƙofa, ya shiga. Suka dubi juna. Alain ya ce masa nan ba masallaci ba ne, kuma akwai fasassun kwalabe. Ya ce ya sani, amma da takalmi ba ya jin ganga. Daga ranar har ƙarshe bai taɓa hawa dandamali da takalmi ba.

Ƙungiyar tana da suna na Faransanci, ma'anarsa tsatsa. Ba su yi arziki ba, ba su kuma yi sunan da za a tsayar da su a titi ba. Sun fitar da faifai uku, sun zagaya ƙananan garuruwa cikin wata farar mota mai tari, sun kwana a ɗakunan mutanen da ba su sani ba, kare na lasar musu ƙafa. Da yake shi kaɗai ne ba ya shan giya, tuƙi kullum nasa ne, har yakan ce shi direba ne da ake bari ya taɓa jita. Yakan yi sallarsa a bayan dandamali tsakanin akwatunan kaya, Alain na tsaye yana yi masa gadi, sai ka ga ƙatti masu baƙaƙen riguna da zanen ƙoƙon kai suna wucewa a kan yatsun ƙafa, suna riƙe sarƙoƙin wandonsu kada su yi ƙara. Da rana aikinsa gyaran asansar, injin hawa bene. Ya ce igiyoyin ƙarfenta ƴan'uwan tsarkiyarsa ne, in ya ɗora musu tafin hannu sukan gaya masa inda ke musu ciwo.

A dandamali sauran tsalle suke suna kaɗa gashi. Shi yana can baya kusa da ganguna, ƙafa a ware, ido a lumshe, kamar mai jiran wanzami ya gama. Amma masu zuwa jin su sun san wurin tsayawa. Gaban akwatinsa suke cunkusuwa, inda iska kanta take tura mutum.

In ya zo Paris sai ya shigo gidan abincin, ya durƙusa daga bakin madafa ya gaida Hajiya. Ta amsa tana kallon tukunya. Sannan ya zo teburina ya zauna, ni kuma in zama katangar da suke jefa magana ta kanta.

"Malam Youssouf," in ji ta daga ciki, "tambayi baƙonka, a Lyon ɗin nan ba a sayar da almakashi ne?"

"Baba Malam, ka gaya wa Hajiya masu askin can yajin aiki suke yi."

"Shekara da shekaru?"

"Faransa ce, Baba Malam."

Sai Raliatou ta kawo masa dambu da zogale. Kullum akwai ƙarin nama a ƙasan kwanon, an binne shi sosai yadda ba wanda zai ce ya gani.

Haka aka yi ta tafiya. Ya auri Fatou, wata ƴar Chadi mai aiki a kantin magani. A 2016 kunnensa na hagu, wanda ya yi shekaru yana maƙwabtaka da fayafayan ƙarfen gangunan Alain, ya fara kuka kamar gyare ya tare a ciki. Likita ya duba ya ce masa ya zaɓa: ko dandamali, ko kunne. Fatou tana da ciki a lokacin, ta ce ba za ta riƙa tashi kukan jariri ita kaɗai ba shi yana kwance yana cewa bai ji ba. Abokan suka ce ba za su nemi wani mai bas ba. Za a yi wasan ƙarshe a Paris, a wani ƙaramin zaure a Belleville, cikin watan Yuni, daga nan kowa ya kama gabansa.

Ya zo ya gaya mini wannan yana juya cokali a kwano. Sannan ya rage murya.

"Baba Malam, ba ta taɓa ji na ba."

"Ta ji kabad."

"Kabad ta ji. Ni ba ta ji ni ba. In wannan ya wuce kuma shi ke nan, ba wani."

"To ka gaya mata mana."

"Da wane bakin?"

Gaskiyarsa. Kunyar nan ba ta gefe ɗaya ba ce. Yadda ba za ta iya cewa za ta zo kallonsa ba, haka shi ma ba zai iya duban ta ya ce zo ki kalle ni ba. Na ce masa ya bar ni, zan bi ta a hankali, in faɗi rabin magana yau, rabi wani mako. Abin da ban sani ba shi ne ya riga ya yi irin wannan zancen a cikin farar mota, kuma Sandrine tana kujerar gaba.

Sandrine ta sha zuwa gidan abincin tare da shi. Ta ga uwa ba ta duban ɗanta, ba ta kiran sunansa, ba ta miƙa masa kwano da hannunta. Tun tuni ta yanke hukunci a ranta cewa an yi fushi da shi ne saboda kiɗan, kuma duk lokacin da ya yi ƙoƙarin yi mata bayani sai ta dafa masa kafaɗa ta ce ba sai ya rufa wa kowa asiri ba. Yanzu ta ga ranar sulhu ta zo.

Ranar Asabar da azahar, gidan abinci ya cika, sai ga ta ta shigo da dunƙulen furanni, Alain na biye da ita ya sa riga mai wuya kamar mai zuwa neman aiki. Ta tsaya a tsakiyar wurin, ta gaida Hajiya da Faransanci, ta fara. Ta ce ta zo ne a kan Abdourahamane. Ta ce Abdourahamane ɗinki, Madam, babu mai bas kamarsa daga Lyon har teku. Ta ce Abdourahamane mutumin kirki ne, bai taɓa shan ko ɗigon giya ba, kuma duk uwar da ta haifi Abdourahamane ya kamata ta fito titi ta faɗa. Duk sanda sunan ya fito sai kan Hajiya ya ƙara sunkuyawa. Cokula suka tsaya. Wani direba ɗan Tawa ya bar loma a hanya.

Hajiya tana jin Faransanci sarai. Ta goge hannu da zane, ta ce:

"Wa take nufi? Wancan? Ko kwano bai iya wankewa ba."

Idon Sandrine ya kawo ruwa. Ta ce ba komai, ba a makara ba. Ta ce za su ajiye mata kujera a sahun gaba, za su tsayar da kiɗa, su haska ta da fitila, su gaya wa jama'a ga mahaifiyar Abdourahamane.

Hajiya ta karɓi furannin ta yi godiya, ta sa aka zuba musu abinci, ta tambayi ranar. Da aka faɗa mata sai ta ce:

"Ayya. Ranar ƙafata za ta yi ciwo."

Suna fita wata tsohuwa ƴar Maraɗi da ke cin tuwo a lungu ta ce, "Hajiya, a ɗinka miki baƙar riga mai ƙoƙon kai, ko kina da ita?" Wurin ya kwashe da dariya. Kafin la'asar labari ya kai shagunan waya da na aika kuɗi, ya kai ƙofar masallaci. Rabin maganata da nake tanadi ta mutu a aljihu. Da can in ta je za a iya cewa hanya ce ta biyo da ita. Yanzu unguwa gaba ɗaya ta zuba ido ta ga ko Hajiya Husainatu za ta je ta zauna a gaba ta kalli ɗan farinta.

Raliatou ta kira Ɗanyaro a waya ta ba shi labari. Ya yi dariya har ya ƙware. Da Sandrine ta zo masa da fushinta tana cewa ba ta taɓa ganin mace mai taurin zuciya haka ba, sai ya ce mata:

"Sandrine, kin shiga kasuwa kin ce mata ta cire ɗankwali."

"Yabon ka fa na yi."

"Shi ne."

Raliatou ce ta warware. Ita a nan aka haife ta, tana magana da uwarta yadda ta ga dama, tana kuma haɗa Hausa da Faransanci kamar mai dama fura. Ta same ni a teburina ta ce:

"Baba Malam, ku duka kun cika surutu, franchement. Maman ba za ta je kallo ba, ko da igiya. Amma ka taɓa ganin ta bar wani ya kai abincin taro? Tun ranar da aka kifar mata da miya a metro ba ta yarda da kowa."

Ta ce masu kiɗa sukan yi gwajin sauti da rana kafin jama'a su zo, zaure ba kowa. Kuma masu gwaji suna jin yunwa.

Jacques aka turo, tunda shi ba a tsoron bakinsa. Ya shigo ranar Talata da hantsi, ba kowa sai ni, ya ce yana son abincin ma'aikata, ranar kaza, wuri kaza, da la'asar. Hajiya ta dube shi. Ta san shi, ta san ranar, ta san wurin.

"Wa zai ci?"

"Ma'aikata, Madam."

"Suna cin yaji?"

Jacques ya yi tunani. Ya ce ɗaya daga cikinsu yana ci.

"To," in ji ta.

Ranar da aka sa, ina shan shayi sai ta leƙo daga madafa, ta yafa mayafinta na fita.

"Malam Youssouf, ƙafar nan ta ɗan yi sauƙi. Ka raka ni Belleville. Yaran nan ba su iya ɗaukar miya ba."

Ta ƙofar baya muka shiga, wadda ke ɓullewa bayan dandamali. Zauren tsohuwar ma'aikata ce, tagoginsa can sama, rana tana zubowa ta cikinsu a karkace. Mashayar a rufe take, kujeru a kife a kan tebura. Raliatou ta riga ta jawo wani babban akwatin kaya ta ajiye shi daidai bayan ampilin yayanta, ta ce nan ne teburin abinci. Akwatin sautin nan ya kusa kai ni tsawo. Hajiya ta zauna a kujera ta ba shi baya, fuskarta na kallon bango, ta fara buɗe tukwane. Raliatou ta miƙa mata ƴan robobin toshe kunne. Ta juya su a tafin hannu, ta ƙulle su a gefen mayafi kamar goro.

Ɗanyaro yana can ɗaya gefen ampilin, shi ma ya ba ta baya, takalmansa a jere a bakin dandamali. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Ba wanda ya waiwaya. An ja wa Sandrine kunne cewa ko gaisuwa kada ta yi sai an gama, tana tsaye gaban makirufo tana cizon leɓe.

Suna da wata doguwar waƙa mai tafiya a hankali, wadda bas kaɗai ke buɗe ta. Ita ya zaɓa.

Ban ji farkonta da kunne ba. Murfin tukunyar miya ne ya fara rawa, sannan cokula a cikin kwando, sannan ƙafar kujerata. Abin ya taso daga ƙasa kamar hadari yana haɗuwa a bayan gari tun ba a gan shi ba, ya hau gwiwa, ya hau ciki. Ya yi ta maimaita ƴan sautuka kaɗan, masu nauyi, ba gaggawa, kamar tafiyar raƙumi da kaya. Can ganguna suka faɗo, jitar Jacques ta tsaga iska, Sandrine ta saki zakinta. Ni dai na toshe kunnuwa da yatsu, ban ji kunya ba. Amma a ƙarƙashin wannan tashin alƙiyama duka, abin nan yana nan yana tafiyarsa, yana ɗauke da su a baya.

Hajiya tana zuba shinkafa a faranti. Ta zuba na farko, ta zuba na biyu. A na uku ludayin ya tsaya. Ta ajiye shi. Ba ta juya ba, ba ta ɗaga kai ba. Sai na ga ta zare ƙafa ɗaya daga takalmi, ta zare ɗayar, ta shimfiɗa tafin ƙafafunta a kan katakon daɓen. Haka ta zauna, hannuwa a cinya, ido a bango, har waƙar ta ƙare, har sautin ƙarshe ya gama zagaya zauren ya kwanta. Sannan ta mayar da takalmanta ta ɗauki ludayi.

Aka zauna cin abinci a kan akwatuna. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da Faransancinta na kasuwa. Ta ce wa Sandrine ta riƙa shan zuma da citta, don irin wannan murya ba a barin ta ta lalace, kuma furannin nan suna nan ba su bushe ba. Ta ce wa Alain hannuwansa da ƙafafunsa kowanne da aikinsa, wannan baiwa ce, amma ya ci abinci, iska za ta ɗauke shi. Ta ce wa Jacques yatsunsa sun fi bakinsa magana, kuma hakan ya fi. Har mai kula da na'urar sauti sai da ta yaba masa haƙuri. Daga nan ta fara haɗa tukwane.

Sandrine ta buɗe baki. Raliatou ta taka mata ƙafa.

Ɗanyaro yana gefe, kansa a cikin faranti. Hajiya ta ɗaure bakin buhun kwanuka, ta ɗaure shi kuma, sannan ta ce da Hausa, tana kallo na:

"Malam Youssouf, ka gaya wa mai gidan nan ya duba gininsa. Daɓensa motsi yake yi."

Na ce zan gaya masa.

"Irin na gidanmu na farko ne, na bakin gada. Can ma haka yake tasowa ta ƙafa ya zo ya zauna a ƙirji. Da asuba in jirgin farko ya taho nakan leƙo in ga ko ya tashi mutanen falo. Sai in tarar barcinsu ya fi daɗi in yana wucewa." Ta gyara mayafi. "Maƙwabta duk sun yi ta ƙorafi da jirgin nan. Ni ban taɓa jin haushinsa ba."

Ɗanyaro ya ja hanci, ya goge ido da bayan hannu.

"Baba Malam, ka gaya wa Hajiya miyar yau ta yi yaji."

"Ka ce masa yajin kullum ne."

Sandrine ta dubi wannan ta dubi wancan, ta tambaya me aka ce. Ɗanyaro ya ce an ce ginin ba shi da ƙwari. Ta juya wajen Raliatou tana neman a gaya mata gaskiya. Raliatou ta ce gaskiyar ke nan, kuma ta ci abincinta, komai ya yi daidai.

Muka fito ta inda muka shiga tun rana ba ta faɗi ba. A bakin metro muka haɗu da samari masu baƙaƙen riguna suna haurawa zauren, biyu daga cikinsu suka karɓi tukwanen suka sauko mana da su har ƙasa. Washegari tsohuwar Maraɗi ta tambayi Hajiya ina ta je jiya. Ta ce kai abinci. Ba wanda ya iya cewa ba haka ba ne.

An ce wasan ya yi kyau. An ce da aka gama Ɗanyaro ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, sai a mota ya tuna ya sa su.

Yana Villeurbanne har yanzu, yana hawa da sauka cikin ramukan asansar. Gyaren kunnensa bai tashi ba, amma bai ƙara ƴaƴa ba. Fatou ta haifi mace, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, don haka shi ma yanzu yana da sunan da ba ya iya faɗa a gidansa. Ummi yake ce mata. Da Sandrine ta ji wannan sai ta ɗaga hannu biyu ta ce ta haƙura da mu.

Ampilin ya sayar, bas ɗin kuwa tana nan. Da yamma yakan jingina kanta da kabad ya ɗan taɓa a hankali, yarinyar tana kwance rub da ciki a ƙasa tana dariya. Raliatou ta ce mini da Hajiya ta je Lyon ganin takwararta, a falo ta shimfiɗa dardumarta, ta jingina bayanta da kabad ɗin tana jan carbi. Da ya fara sai ta ce wa jaririyar:

"Ki gaya wa babanki kabad na tufafi ne."

Amma ba ta matsa daga wurin ba.